Ƙarar Titi a Motar Tsere: Ku Karanta Kafin Ku Sake Tambaya

Tambayoyin nan kan rage ƙarar titi da ke shiga cikin mota su ne dai kullum, musamman daga masu Nissan 370Z da Toyota 86. Ga amsoshin wuri guda.

Me ya sa motata ta fi Camry ƙara?

Haka aka ƙera ta. An rage mata kayan tare ƙara don kada ta yi nauyi, tayoyinta masu faɗi ne, ga siririn gefe, kai kuma kana zaune dab da tayoyin baya. A 370Z ko kujerar baya babu tsakaninka da but.

Zan iya sa kwaltar liƙe rufin kwano a jikin motar don rage ƙarar? Ta fi araha.

A'a. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato zai narkar da ita, ta zubo cikin ƙofa, mota ta yi ta warin kwalta. Nemi robar butyl mai bayan alminiyam, irin Dynamat ko Noico.

Na liƙe ko'ina da butyl, ƙara tana nan. An cuce ni?

Babu wanda ya cuce ka, Malam, kai ne ka ɗora mata aikin da ba nata ba. Butyl kwanon bodi take hanawa kaɗawa, kamar ka dafa hannu a fatar ganga. Rufe kwata zuwa rabin kowane faffaɗan kwano ya isa, sauran asarar kuɗi ne.

To daga ina zan fara, kuma yaya ƙarar za ta ragu?

Wannan kam sai an natsu, domin amsar ta danganta da inda ƙarar take shigowa. A galibin irin waɗannan motoci, daga ramin tayoyin baya ne da ƙasan but, saboda haka can nake cewa a fara, sannan ƙasan kujeru, ƙofofi a ƙarshe. Hawa uku ake yi: butyl a jikin kwano, soso marar shan ruwa a kanta, sai roba mai nauyi da ake kira MLV a sama. Ita MLV ɗin ce mai tare ƙarar, amma fa sai an shimfiɗa ta ba tare da giɓi ba. Ka bar tazara a gefe ko wajen da wayoyi suka ratsa, ƙara ta samu hanya. Kuma tana da nauyi, kusan kilo 5 a kowane murabba'in mita. Lissafa da kanka: ƙasan mota da but na iya cin murabba'in mita huɗu ko biyar, ga butyl ɗin ma ba iska ba ce. In don gudu ka sayi motar, wataƙila ka tsaya a baya kawai ka ji yadda ta koma. In tafiyar Abuja zuwa Kaduna kake yi da ita kullum, nauyin ba zai dame ka kamar ciwon kai ba.

Batun raguwa kuwa, ba na yi wa kowa alkawari. Da desibel ake auna ƙara: rage desibel 3 rabin ƙarfin sauti ne a ma'auni, amma kunne ba ya cewa an rage rabi sai an kai wajen desibel 10, kuma da wuya shimfiɗa kaɗai ta kai ka can. Shuuu ɗin taya a kan kwalta yakan lafa, a yi hira ba sai da ɗaga murya ba. Gurnani mai kauri da ke bi ta shokazoba ya shiga bodi, shi kam kaɗan yake raguwa.

Ƙarar tana canzawa in na karya sitiyari.

Ajiye soso, je wajen bakanike ya duba boris ɗin taya. Lulluɓe wannan ƙarar ganganci ne.

Taya fa?

Ai wannan ya kamata a fara tambaya! Tsohuwar tayar tokumbo da ta bushe, ko wadda ta ci gefe guda, za ta yi ta kuka ko me ka shimfiɗa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Na sa babbar salansa, yanzu kaina na ciwo a kan babban titi.

Kai ka sa ta. Shimfiɗa ba ta maganin wannan, ka koma wajen mai salansa.

Zan ɓata wani abu in na yi da kaina?

Kwantar da hankalinka, ba aikin injin ba ne. Goge kwanon tas kafin ka liƙa, danne da abin murzawa har iska ta fita. Kada ka toshe ramukan zubar ruwa na ƙasan ƙofa, tsatsa za ta biyo baya. Wayoyin nan masu launin rawaya na jakar iska ne, kada ka taɓa su.