Karayar Ƙashin Wuya: Kulawa da Lambobin Rajista

Ƙashin wuyan ɗan Adam jerin ƙasusuwa bakwai ne da likitoci ke yi wa lamba daga C1 zuwa C7, kuma ta tsakiyarsu laka take bi daga ƙwaƙwalwa zuwa sauran jiki. Haɗarin karayarsu yana ga lakar, domin idan ta tsinke ko ta matsu hannuwa da ƙafafu na iya shanyewa, kuma raunin da ya kai saman C3 zuwa C5, inda jijiyar da ke motsa tsokar numfashi take fitowa, yakan hana mutum numfashi da kansa. Haɗarin mota da faɗuwa da tsunduma da ka cikin ruwa marar zurfi su ne sanannun musabbabai.

Matakin farko shi ne hana wuyan motsi da kwala mai tauri, sannan a ɗauki hoton CT, a ƙara da MRI idan ana zargin laka ko jijiyoyi sun taɓu. Karayar da ba ta goce ba takan warke da kwala ko da abin ɗaure kai na ƙarfe da ake kira halo, wadda kuwa ta goce sau da yawa sai an yi tiyata. Ƙashi na biyu ya fi ba likitoci aiki, saboda tsinin da ke kansa. Likitoci biyu, Anderson da D'Alonzo, sun kasa karayar wannan tsini gida uku a 1974, kuma nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a tsofaffi, shi ne ya fi ƙin haɗewa.

A ICD-10, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na ba cututtuka da raunuka lambobi a rajistar asibiti, karayar wuya tana ƙarƙashin S12: S12.0 ga ƙashi na farko, S12.1 ga na biyu. Sigar Amurka, ICD-10-CM, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2015, ta ba kowane ƙashi lambarsa har zuwa S12.6, tare da harafi a gurbi na bakwai na cikakkiyar lambar, wanda ke nuna halin da karayar take ciki. A na nufin ana kan maganin karayar da fata ba ta tsage ba, B buɗaɗɗiya, D tana warkewa daidai, G ta yi jinkiri, K ta ƙi haɗewa, S kuma lahanin da ta bari. Raunin laka yana da lambarsa a S14, kuma shi ake fara rubutawa.

Abin da ya kamata likita ya riƙe shi ne cewa mai sa lamba ba ya yin hasashe, abin da aka rubuta a fayil yake bi. Idan ba a faɗi ko ƙashin ya goce ba, ƙa'ida ta ce a ɗauka ya goce, don haka jumla ɗaya da likita ya tsallake tana iya sa rajistar majiyyaci ta nuna rauni mafi tsanani fiye da wanda ya samu.