Ma'anar Ikonogirafi: Karatun Alamomin Zane

Kalmar ikonogirafi ta samo asali ne daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin sura, ɗaya kuma rubutawa. Masana tarihin zane suna amfani da ita wajen nufin ilmin gane alamomin da mai zane ya sa a cikin aikinsa, domin a san ko wane ne aka zana da kuma abin da ake son isarwa.

A ɗauki zanen Waliyyi Jerom da Bajamushen nan Albrecht Dürer, mutumin Nuremberg, ya sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe a shekarar 1514. Ido zai ga dattijo ya duƙufa yana rubutu a ƙuryar ɗaki, haske na shigowa ta taga, ga zaki kwance kusa da wani ɗan kare mai barci. Wanda bai san alamomin ba zai yi mamakin abin da ya kawo zaki ɗakin karatu, amma Kiristan wancan zamani da ganin zakin ya san Jerom ne, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rasu a Baitalami a shekarar 420, saboda hikayar da ke cewa ya cire wa zaki ƙaya a ƙafa. Ƙoƙon kan mutum da ke bakin taga da agogon yashi da ke rataye a bango kuwa tuni ne na mutuwa da ƙarewar lokaci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne malafar da ke rataye a bayansa, irin ta Kadinal, wato babban limami a cocin Katolika. Jerom bai taɓa sanya ta ba, domin sai a ƙarni na 13 aka fara bai wa Kadinaloli irin wannan malafa, kusan shekara 800 bayan rasuwarsa. Dürer bai yi kuskure ba, ya bi al'adar da masu zane suka gada ne, wadda ke nuna darajar mutumin a coci. Haka mabuɗai suke bayyana Manzo Bitrus duk inda aka zana shi. Saboda haka mai nazarin irin wannan zane yakan fara neman nassi ko hikayar da alamar ta fito daga ciki, da yadda mutanen zamanin suka fahimce ta, kafin ya ɗora mata tasa fassarar.