Mece ce "ƙwayar halittar kansa" da ake ta faɗa?

Tun da aka fara gangamin allurar rigakafin kansar bakin mahaifa, wata magana ta cika rediyo da zaurukan WhatsApp a nan Zariya: wai wance tana da "ƙwayar halittar kansa", wai gidan su wane suna ɗauke da ita. Mai gabatar da shiri zai faɗe ta kamar yadda ake faɗin ƙwayar cutar tarin fuka, sai mai sauraro a Tudun Wada ko Sabon Gari ya tashi da fahimtar cewa wata aba ce da ke shiga jikin mutum daga waje, ko kuma tabo ne da wani gida ke gadar wa 'ya'yansa. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi ci min rai, domin ana iya fasa aure a kansa.

Ƙwayoyin halitta, wato ƙwayoyin gado, da ke da hannu a cutar kansa suna da yawa, amma wadda ta fi shahara sunanta TP53. Kowa yana da ita. Ni da kai da likitan asibitin koyarwa da ke Shika, kowannenmu kwafi biyu gare shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a kan kuromosom na 17 (kuromosom ƙunshi ne na DNA, wato rubutun gado da ke cikin jiki). Aikinta ba da umarnin ƙera wani furotin (sinadarin da jiki ke aiki da shi) mai suna p53, shi kuwa aikinsa tsare mu daga cutar kansa.

Jikin mutum a kullum yana sabunta kansa ta hanyar rabuwar sel, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, ɗaya ya zama biyu. Kafin sel ya rabu sai ya kwafe duk rubutun DNA ɗinsa, kuma kwafi ba ya rasa kuskure. Matsayin p53 a nan kamar na malam ne da allon almajiri: in ya ga ɓata sai ya ce a dakata a gyara, in ɓarnar ta yi yawa sai ya sa a wanke allon gaba ɗaya. Idan lafiya lau ake, wani furotin mai suna MDM2 yana ta rusa p53 don kada ya taru. Da zarar DNA ya samu rauni sai p53 ya taru, ya tada wani furotin, p21, wanda ke tsayar da rabuwar har a gyara. In gyara ya gagara, sai ya sa sel ɗin ya mutu. Idan wannan mai tsaro ya lalace ne sel mai ɓataccen rubutu ke ci gaba da rabuwa ba birki, har ƙari ya fito. Kusan rabin dukkan kansar da ke kama ɗan Adam akan tarar TP53 ta lalace a cikinta.

Masana ma sun taɓa faɗawa ramin ɗaukar mai tsaron a matsayin mai laifi. An gano p53 a 1979, a ɗakunan bincike na su David Lane a Landan da Arnold Levine a Amurka, kuma kusan shekara goma ana zaton shi ke haddasa kansa, saboda an gan shi jibge a cikin ƙari. Sai a 1989 aka tabbatar cewa wanda ake gani jibge ɗin gurgu ne, lafiyayyen kariya yake yi.

Abin da ba na jin ana faɗa a rediyo shi ne me ke lalata TP53, alhali a nan ne maganar ta shafi rumbunanmu. Gyaɗa da masara da aka tara da danshi, ko aka shanya a ƙasa, ko aka ɗura a buhu ba su gama bushewa ba, sukan yi wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afalatokzin. Gubar ba ta da ɗanɗanon da zai sa ka tofar, kuma suya ko dahuwa irin ta gida ba ta kawar da ita. In ta isa hanta, sai hanta ta juya ta zuwa wani sinadari mai manne wa DNA, kuma yana da wurin da ya fi kai wa hari a cikin TP53, gurbi na 249. Harafi ɗaya tak yake canzawa a wurin, furotin ɗin ya gurgunce. Tun 1991 aka nuna wannan canji a cikin kansar hanta ta mutanen kudancin Afirka da wani yanki na Sin, wuraren da gubar ta yi yawa a abinci. Idan mutum yana ɗauke da cutar hanta nau'in B kuma, haɗarin ninkuwa yake yi. Wannan ɓarna a hantar mutum ɗaya take faruwa, cikin shekarun da ya yi yana ci, ba ya ba ɗansa ita. Amma gida ɗaya rumbu ɗaya suke ci, don haka in mutum biyu suka kamu sai unguwa ta ce gado ne. A ƙasar noma irin tamu, da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ina ganin zancen ware yamutsattsiyar gyaɗa da busar da hatsi ya fi cancantar lokacin rediyo a kan zancen gidan su wane.

Kansar bakin mahaifa ma ta kan p53 take bi. Ƙwayar cutar da ke haddasa ta, HPV, tana ƙera wani furotin, E6, da ke sa a rusa p53 ko da TP53 ɗin matar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa allurar rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023 take da amfani.

Akwai dai inda gado yake da gaske. Wasu tsirarun iyalai ana haifarsu da kwafi ɗaya na TP53 a lalace, yanayin da likitoci ke kira Li-Fraumeni, da sunan likitoci biyun Amurka da suka bayyana shi a 1969. Alamarsa kansa iri-iri a dangi na kusa, kuma tun da ƙuruciya: ta ƙashi, ta ƙwaƙwalwa, ta nono ga mace mai ƙarancin shekaru. Gidan da ya ga haka ya je sashen kansa na asibitin koyarwa da ke Shika, ya zayyana wa likita wa ya kamu, da wace iri, kuma yana shekara nawa.