SORBS: jerin toshe saƙonnin shara na imel da aka rufe a 2024

SORBS (Spam and Open Relay Blocking System) rumbun bayanai ne a intanet da ya riƙa tattara adireshin kwamfutocin da aka kama suna watsa saƙonnin shara ta imel, da kuma sabobi (kwamfutocin da ke karɓa da aika imel) da aka bar ƙofarsu a buɗe har ɓata-gari suke bi ta cikinsu. Masu kula da sabar imel a jami'o'i da kamfanoni sun yi shekara fiye da 20 suna amfani da shi kyauta, har zuwa ranar 5 ga Yunin 2024 da kamfanin Proofpoint na Amurka, wanda ya mallake shi a ƙarshe, ya rufe shi.

Asali

Michelle Sullivan ce ta fara shi a Ostareliya a 2001, daga baya ta buɗe shi ga kowa. Jami'ar Queensland ce ta ajiye injinansa na tsawon shekaru. Da ta janye a 2009, saura kaɗan aikin ya mutu, sai kamfanin GFI Software ya saye shi, a 2011 kuma ya koma hannun Proofpoint.

Yadda ya riƙa aiki

A lokacin da yake aiki, idan saƙo ya iso, sabar mai karɓa tana duba adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet) na wanda ya turo, ta juya lambobinsa daga ƙarshe zuwa farko, ta liƙa musu sunan jerin SORBS, sannan ta aika tambaya ta DNS, wato tsarin binciken sunaye na intanet. Adireshin 192.0.2.5, alal misali, yakan koma 5.2.0.192.dnsbl.sorbs.net. In amsar ta dawo da lamba mai farawa da 127.0.0, to adireshin yana cikin jerin, lambar ƙarshe kuma ita ke nuna laifinsa. In amsar ta ce babu wannan suna, sai saƙon ya wuce. Duk wannan kan faru kafin ƙiftawar ido.

SORBS ba ya toshe komai da kansa. Shaida kawai yake bayarwa, hukunci na hannun mai kula da sabar: wani ya mayar da saƙon nan take, wani ya ƙara masa maki na zargi ya haɗa da sauran alamu.

Ƙorafe-ƙorafe

An yi ta kuka da shi kan cewa shiga jerin abu ne mai sauƙi, fita kuwa sai an sha wuya. Ya riƙa sanya dogon layin adireshi gaba ɗaya saboda laifin wasu kaɗan, don haka marar laifi kan wayi gari saƙonsa ba ya isa ko'ina. Akwai lokacin da sai an bayar da gudummawar dala 50 kafin a goge adireshi daga sashen saƙonnin shara. An daina wannan daga baya, amma ya riga ya ɓata masa suna a wurin mutane da yawa.

Rufewa

Abin da ya fi cancanta a lura da shi shi ne yadda aka rufe shi. Proofpoint ta kwashe bayanan da ke ciki, ta yadda duk sabar da ta yi tambaya ba za a ce mata adireshi na da laifi ba. Wanda ya manta bai cire SORBS daga tsarinsa ba ya rasa kariya guda, amma wasiƙun jama'arsa sun ci gaba da isowa.

Ba kullum ake yin haka ba. A Agustan 2003, bayan hare-haren intanet sun addabi jerin Osirusoft, mai shi ya mayar da shi yana cewa kowane adireshi a duniya mai laifi ne. Jerin ORDB, wanda aka rufe a Disambar 2006, ya yi irin haka a Maris ɗin 2008 saboda sabobi sun ƙi daina tambayarsa, jerin AHBL ma ya bi sahu a farkon 2015. Masu jerin suna da uzurinsu, domin tambayoyin da ba sa ƙarewa kuɗi suke ci. Sai dai wanda ya ji jiki shi ne mai jiran takardar ɗaukar aiki ko rasit, wanda bai taɓa jin sunan jerin ba. Takardar ƙa'idoji ta RFC 6471 da ta fito a 2012 ta hana masu jeri sanya duniya duka a ciki yayin rufewa, kuma gaskiya tana tare da ita.

Bayan rufewar, masu kula da sabobi sun koma dogaro da wasu jerin irin su Spamhaus da SpamCop, aka kuma shawarci kowa ya goge layin SORBS daga tsarinsa. Dalili kuwa, sunan yanki, wato sunan jerin a intanet kamar sorbs.net, yana iya faɗawa hannun wani. A Janairun 2021 rajistar sunan spamcop.net ta ƙare ba a sabunta ba, sai kowace tambaya ta riƙa samun amsa, sabobi da dama suka ɗauki amsar a matsayin shaidar laifi suka yi ta mayar da wasiƙun da ba su da aibu har aka sabunta rajistar.