Salak ɗin Kaprese

Kaprese, wanda Italiyawa ke kira insalata caprese, wani ɗan abinci ne mai sauƙi da ake ci a Italiya kafin a kawo babban abinci, irin wanda suke kira antipasto, wato abin da ke share fage kafin cima. Kayansa biyar ne kacal: cukun mozarela, tumatir nunanne, ganyen basil mai ƙamshi irin na ɗaɗɗoya, man zaitun da gishiri. Ba a ɗora shi a wuta ko kaɗan. Sunan ya samo asali ne daga tsibirin Kapri da ke bakin tekun Napoli a yankin Kampaniya, kudancin Italiya, kuma launinsa uku, kore da fari da ja, ya yi daidai da tutar ƙasar, shi ya sa Italiyawa ke ji da shi sosai.

Tarihi

Kayan da ke cikinsa sun girme shi nesa ba kusa ba. Tumatir dai ba ɗan asalin Italiya ba ne, daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16, kuma masanin tsirrai Mattioli ya yi bayaninsa a 1544, amma mutane sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, wasu don ado kawai suke shuka shi saboda suna zaton yana da guba, sai a 1692 aka ga miyar tumatir a littafin girkin Antonio Latini da aka buga a Napoli.

Shi kuwa mozarela tarihinsa ya fi zurfi. Ana cewa tun wajen ƙarni na 12 malaman majami'ar San Lorenzo da ke Kapuwa suna ba masu ziyara burodi da wani cuku mai suna mozza. Kalmar mozzarella kanta ta bayyana a rubuce a 1570 cikin littafin girkin Bartolomeo Scappi, kukun fadar Fafaroma. Tushenta mozzare ne, ma'ana tsinkewa, domin kuwa haka ake yin sa, mutum biyu su riƙe curin cukun mai zafi su tsinke da babban yatsa da manuni, ƙwallo-ƙwallo, a jefa cikin ruwan sanyi, har yanzu idan ka duba wanda aka yi da hannu za ka ga tabon tsinkewar a jikinsa.

Game da wanda ya fara haɗa su a faranti ɗaya kuwa, nan ne bakin masu tarihi ya rabu. Labarin da aka fi ji shi ne an fara kawo shi ne wajen shekarun 1920 a otal ɗin Quisisana na Kapri, a wata liyafa da aka shirya wa marubuci Filippo Tommaso Marinetti, mutumin da ya tsani taliya har ya fito fili a 1930 ya ce Italiyawa su daina cin ta don tana kashe musu jiki. Wasu kuma su ce wani magini ne mai kishin ƙasa ya cusa kayan a burodinsa saboda launin tuta. Akwai kuma labarin Sarki Faruk na Masar, wanda sojoji suka tumɓuke a watan Yulin 1952 ya tafi gudun hijira Italiya har ya zauna Kapri, wai ya nemi abu mara nauyi da rana aka kawo masa mozarela da tumatir da basil cikin burodi, daga nan abin ya yi suna wajen masu yawon buɗe ido. Mai yiwuwa dai manoma da makiyayan Kampaniya sun daɗe suna cin abinsu haka tun kafin wani babba ya ɗanɗana.

Cukun

Mozarela na asali da nonon ɓaunar ruwa ake yi, ba ɓaunar dajinmu ba, wannan dabbar gida ce 'yar asalin Asiya mai son kwanciya cikin taɓo. Yadda ta zo Italiya akwai saɓani, wasu na danganta ta da Larabawa ta hanyar Sisili, wasu da wasu ƙabilun daban. Nononta ya fi na saniya maiƙo, kusan ninki biyu, shi ya sa cukun yake da taushi, yana kuma da ɗan tsami-tsami, kuma da ka yanka sai ka ga farin ruwa na tsattsafowa. Lardunan Kaserta da Salerno su ne cibiyarsa, kuma tun 1996 Tarayyar Turai ta kare sunan Mozzarella di Bufala Campana, ba kowa ke da ikon sa shi a kayansa ba. Wanda aka yi da nonon saniya sunansa fior di latte, ya fi araha kuma yana yi ɗin shi ma.

Ana daskarar da nonon ne da wani sinadari da ake samu a cikin ɗan maraƙi, a bar shi ya ɗan yi tsami, sannan a zuba masa ruwa mai zafi kusan tafasa a riƙa ja yana miƙewa. Wannan jan shi ne ya bambanta shi da cukun Fulani mai taushi da ake daskararwa da tumfafiya, wanda ba ya narkewa ba ya miƙewa, da kuma busasshen cukun Buzaye na Nijar. Batun halaccin sinadarin da ake samu a cikin ɗan maraƙin ana danganta shi da yadda aka yanka dabbar, akwai kuma masu amfani da wanda ba na dabba ba.

Yadda ake haɗawa a gida

Don mutum biyu, ƙwallon mozarela ɗaya mai nauyin giram 125 zuwa 250 da manyan tumatir biyu sun isa. Abin da ya fi muhimmanci fa shi ne kar a kawo shi da sanyin firij, sanyi na kashe ƙamshin tumatir kuma yana sa cukun ya yi tauri kamar roba, gara a fito da su su sha iska kamar awa ɗaya. A yanka tumatir fale-fale amma da ɗan kauri, kamar kaurin ƙaramin yatsa, a barbaɗa masa gishiri a bar shi minti kaɗan ruwansa ya fita. Cukun ma a tsane shi a yanka daidai kaurin tumatir ɗin, ko a yayyaga da hannu, a jera a faranti, tumatir ɗaya cuku ɗaya, a sa ganye a tsakani, sai a kwarara man zaitun mai kyau daf da lokacin ci, in an bar shi ya jima faranti cika yake da ruwa. Ganyen da hannu ake tsinka shi, wuƙa na sa bakinsa ya yi baƙi. Basil ɗan uwan ɗaɗɗoya ne, sai dai ɗaɗɗoyarmu ta fi shi ƙarfin ƙamshi, wanda zai sa ta sai ya rage hannu.

Cukun nan mai tauri da ake gogawa a kan fiza bai dace da wannan ba sam, an yi shi ne don narkewa, idan aka ci shi ɗanye ba wani daɗi. Akan ajiye burodi a gefe don dangwalar man da ruwan tumatir da ya taru a ƙasan faranti, kuma gaskiya wannan romon bai kamata a bar shi ya tafi wajen wanke-wanke ba.

Ire-irensa

Wasu na ƙara oregano, wani ganyen ƙamshi, ko masoro. A Amurka an saba ɗiga masa balsamik, wani baƙin ruwan tsami da ake yi da inabi, abin da yawancin mutanen Kampaniya ba su yarda da shi ba. Ana kuma tsira ƙananan ƙwallayen cukun da ƙananan tumatir a tsinke don rabawa a wajen biki.