Gyaran kilim ɗin mota da sake cika masa gaz

Kilim ɗin mota, wanda mutanen Kano da Katsina ke kira esi, na'ura ce mai kwashe zafin cikin mota ta zubar da shi waje. Tana wannan aiki ne da wani gaz mai zagayawa cikin rufaffun bututu, wanda a garejojin Damagaram ake ce wa gaz kawai, wasu kuma su ce firiyon. Duk gyaran da ya kai ga kwance bututun, ko sauya kwamfuresa ne, ko liƙe tiyon da ya huje, ko gyaran goshin mota bayan karo, sai gaz ya fita, iskar waje ta shige gurbinsa. Shi ya sa sake cikawa ke da matakai: neman yoyo, zuƙe iska, daidaita man kwamfuresa, auna gaz, sannan gwaji. Sau da yawa motar da ta komo gareji mako guda bayan gyara, ɗaya daga cikin matakan nan aka tsallake mata.

Yadda sanyin ke samuwa

Kwamfuresa, wanda bel ɗin inji ke juyawa, shi ke matse gaz har ya yi zafi. Daga nan gaz ɗin ya wuce kwandansa, faffaɗan abin nan mai kama da radiyeta da ke gabanta, inda fanka da iskar hanya ke huce shi har ya koma ruwa. Sai ya bi ta kwalbar busarwa, mai ɗauke da wasu ƙwayoyi masu shanye laima, ya isa wata ƴar ƙofa mai ƙunci da masu gyara ke kira detandar. Da ya fita daga ƙuncin sai matsinsa ya faɗi, ya kama tafasa cikin ebaporeta, wadda ke ɓoye bayan allon gaban direba. Tafasar nan ce ke shanye zafin iskar da fankar ciki ke hurowa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da gumin da ke bushewa a jikinta.

Saboda haka bututun ya kasu gida biyu. Akwai ɓangaren ƙaramin matsi, mai bututu mai kauri da ke yin sanyi da raɓa, da ɓangaren babban matsi, mai siririn bututu da ke ƙona hannu. Gaz ɗin zagayawa yake yi, ba ƙonewa ba, don haka kilim ba ya cin gaz yadda inji ke shan mai. Ɗan kaɗan na iya sulalewa ta jikin roba cikin shekaru, amma motar da ke neman ƙari kowace bazara tana da rami a wani wuri.

Ire-iren gaz

Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 da R12 suke aiki. An daina shi bisa yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 saboda yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. R134a ya gaje shi, kuma shi ke cikin mafi yawan motocin da ake gani a titunan Damagaram. A fili yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri. Shi ma an same shi da laifin ɗumama duniya, ninki 1,430 na iskar kabon, har Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin sababbin motoci daga Janairun 2017. Wanda ya maye shi, R1234yf, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana iya kama wuta kaɗan. Motocin Kwatano na ƴan shekarun nan sun fara zuwa da shi, don haka ba a ƙara ɗauka cewa kowace mota R134a take sha.

Amsar tana jikin wata takarda da aka manna a ƙarƙashin murfin inji ko kusa da radiyeta. Tana faɗin irin gaz, da nauyinsa da giram, wani lokaci har da irin mai. Bakunan cikawa ma sun bambanta: na R12 zare ne da su ana murɗawa, na R134a dannawa ake yi, na R1234yf kuma an sauya musu girma da gangan don kada a gauraya.

Akwai kuma jabu. Wasu kan zuba R22 na kilim ɗin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota, wasu ma gaz ɗin girki, wanda ke mai da ɗan yoyo a ebaporeta haɗarin gobara a cikin mota. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a tasoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Birazil har aka rasa rayuka, saboda jabun R134a da aka gauraya da R40, mai cin alminiyom. Kwalbar R134a ta gaskiya da ta zauna a inuwa a digiri 40 takan nuna matsin wajen bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), ta R22 kuwa wajen bar 14. Jabun da aka haɗa da wayo yakan kwaikwayi matsin, sai na'urar tantance gaz ke tona shi.

Abin da yanayin Damagaram ke ƙarawa

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40, iskar da ake son ta huce kwandansa ita kanta da zafi take zuwa. Hunturu ya cika fukafukan kwandansa da ƙura, ƙwarin damina su liƙe a kai. Girgizar hanya, musamman ga motocin da ke nausawa Tanut da Agadas, tana sa bututun alminiyom ya yi ta gugar ƙarfe har ya huje. Wani abin kuma, ƙa'idodin matsi da makanikai da yawa suka haddace an tsara su ne don yanayin digiri 25 zuwa 30. Wanda ya auna da su da azahar ɗin bazara zai ga kamar gaz ya yi yawa alhali daidai yake.

Kafin a taɓa gaz

Rashin sanyi ba kullum ne daga gaz ba. Ana fara duba fis da rile da bel, a ga ko farantin gaban kwamfuresa na kamawa in an kunna kilim. Ratar farantin nan ba ta cika wuce rabin milimita ba. In ta faɗaɗa saboda tsufa, kilim ya yi sanyi da safe, ya ƙi kamawa da zarar inji ya ɗau zafi, mai mota kuma ya rantse gaz ne ya ƙare. Kilim mai sanyi a kan tafiya amma ya saki in an tsaya, fankar gaba ake tuhuma, ko ƙurar kwandansa. In iskar ce ba ta da ƙarfi, a ciro matatar iskar ciki, wadda a garin nan takan toshe kamar an shafe ta da laka. Akwai kuma ƴar ƙofar da ke raba iskar sanyi da ta ɗumama mota. In ta maƙale, zafin ruwan inji ya gauraya da sanyin, kome lafiyar kilim.

Neman yoyo

Gaz da mai tare suke yawo, saboda haka inda ke yoyo yakan yi maiƙo, ƙura ta manne a wurin. Nan ƙurar Damagaram ta yi rana, don tana nuna tabon a fili. Gwajin da ya fi inganci shi ne a hura iskar azot, wato nitrojin, a cikin bututun, a bi mahaɗai da ruwan sabulu, a bar agogon awon matsi ya zauna a ga ko allura za ta sauka. Ana kuma amfani da wani rini mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko na'urar shinshina. Ba a hura iskar kwamfuresar faci, domin laima take shigarwa. Oksijin na masu walda kuwa in ya haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa yake yi.

Wuraren da aka fi samun yoyo su ne zoben roba na mahaɗai, da bakin sandar kwamfuresa, da ƙasan kwandansa inda tsakuwa ke bugu, da ƴan bawul na bakunan cikawa. Duk mahaɗin da aka kwance sabon zobe ake sa masa, a shafa masa man kilim. Yoyon ebaporeta ya fi kowanne wahalar da mai gyara, don sai an kwance allon gaba gaba ɗaya.

Zuƙe iska

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Iskar da ta shiga bututu ba ta komawa ruwa a kwandansa, sai ta tare wuri ta ɗaga matsi. Laimar da ta zo da ita ta fi ta ɓarna: tana daskarewa a bakin detandar ta toshe shi, tana kuma lalata mai ta haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki. Ana haɗa agogon awo, shuɗin tiyo a ƙaramin matsi, ja a babba, rawaya a famfon zuƙa, a buɗe duka biyu a bar famfon ya yi aiki minti 30 zuwa 45. Allura kan kai ƙasa cikin ƴan mintoci, amma ba a tsayawa nan, domin sauran lokacin na laima ne: in matsi ya faɗi sosai ruwa na tafasa ba tare da wuta ba, famfo ya ja tururin. Bayan haka a rufe, a jira minti 10 zuwa 15. In allura ta ɗaga, a koma neman yoyo.

A wasu garejoji tsohon kwamfuresar firiji ake mayarwa famfon zuƙa. Ya fi babu, amma ba ya ja har inda ruwa zai ƙafe sarai. Dabarar sakin ɗan gaz ya kori iska ta ɗaya bakin kuwa asarar gaz ce, laima na nan inda take. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zuƙa, a rufe agogon nan take, kada iska da man famfo su koma ciki. Kwalbar busarwa da ta kwana a buɗe ta riga ta ƙoshi da laima, sauya ta ake yi.

Mai

R12 da man ma'adini yake tafiya, R134a da mai mai suna PAG, wanda ke da kauri daban-daban, 46 da 100 da 150. PAG na shan laima daga iska, don haka ba a barin gwangwaninsa a buɗe. Motoci masu haɗin lantarki irin Prius suna da nasu man na daban da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. In an sauya kwamfuresa, ana juye man tsohon a auna, a daidaita na sabon da shi bisa umarnin masu ƙera motar, a juya shi da hannu kamar sau goma kafin a tayar da inji. Mai in ya yi yawa yana shafe cikin bututu ya rage sanyi.

Kwamfuresar da ya ci kansa yakan watsa garin ƙarfe da baƙin mai ko'ina. Dole a wanke bututu, a sauya detandar da kwalbar busarwa. Kwandansar motocin zamani ramukanta ƙanana ne ƙwarai, ba sa wankuwa. Wanda ya ɗora sabon kwamfuresa a kan tsohuwar kwandansa mai datti ya shirya sayen na uku.

Cikawa

Da sikeli ake cika gaz. Ƙananan motoci kan ɗauki tsakanin giram 450 zuwa 700, manya masu kilim gaba da baya su haura haka, takardar jikin mota ce dai alƙali. Agogo ba ya faɗin yawan gaz in inji na kashe: muddin akwai ɗan ruwan gaz a ciki, matsi ɗaya zai nuna, ko cike yake ko saura kaɗan. Taɓa bututu a ji sanyi, ko jiran kumfa ta ɓace a ɗan gilashin kwalbar busarwa, gado ne daga zamanin R12, kuma da R134a yakan kai ga wuce ƙima. Masu mota ma na da hannu, don wasu gani suke ƙarin gaz ƙarin sanyi ne. Garin gyaran gira ake rasa ido: gaz in ya yi yawa matsi ya hau, sanyi ya ragu, ruwan gaz ya koma kwamfuresa ya fasa shi.

Ana ɗora kwalbar gaz a sikeli, a kori iskar da ke cikin tiyon rawaya, a saki gaz ta babban matsi inji na kashe. In bai shige duka ba, a rufe jan famfon agogo, wato bawul ɗin babban matsi, a tayar da inji, a ƙarasa ta ƙaramin matsi sannu a hankali, kwalba na tsaye. Ba a taɓa buɗe jan famfo inji na aiki, domin matsin zai koma cikin kwalba. Ba a gasa kwalba da wuta, ba a kuma barinta a rana. Ruwan gaz na ƙona fata da sanyi, yana makantarwa in ya fantsama a ido, in kuma ya taɓa harshen wuta hayaƙinsa guba ne.

Karatun agogo bayan cikawa

Ana gwaji a inuwa, inji na juyi wajen 1,500 a minti, fankar ciki a ƙarshe. Da R134a ƙaramin matsi kan zauna tsakanin bar 2 da 3. Babban kan kasance wajen 12 zuwa 17 a matsakaicin zafi, da bazara kuma ya iya taɓa 20 ba tare da laifi ba. In ya doshi 30, makunnin kariya ya yanke kwamfuresa.

Allurai biyu a ƙasa na nufin gaz bai isa ba. Biyu a sama na nufin ya yi yawa, ko an bar iska a ciki, ko kwandansa ba ta hucewa. Ana rarrabewa da butar ruwa: a watsa wa kwandansa, in jan agogo ya sauka sosai sanyi ya dawo, a fara da fanka da ƙura. In ƙaramin ya hau babban ya sauka, allurai na neman haɗuwa, kwamfuresa ya gaji. In ƙaramin ya nutse ƙasa da sifiri, akwai toshewa a detandar. Toshewar da ke sakin kanta in an kashe kilim na ƴan mintoci, ta dawo bayan an kunna, ƙanƙara ce ta laimar da ba a zuƙe ba. Maganinta a kwashe gaz, a sauya kwalbar busarwa, a sake zuƙa daga farko.

Bayan an cire agogo ana ɗiga ruwan sabulu a bakunan cikawa, a mayar da murafunsu a ɗaure, don su ne shinge na biyu ga yoyo, su ne kuma ke hana yashi shiga. A leƙa ƙarƙashin mota a ga ruwa na ɗiga. In a ƙafar fasinja yake zuba, ƴar tiyon magudanar ebaporeta ce ta toshe.