Hanci a salon maganar Turancin Ingilishi

Turancin Ingilishi yana da maganganun azanci masu yawa da aka gina a kan kalmar "nose", wato hanci, kuma akasarinsu suna magana ne a kan girman kai, shisshigi, ko mallake mutum. Mai koyon harshen da ya ɗauke su a zahirinsu ba zai kama ma'anarsu ba.

A ɓangaren girman kai, "turn up one's nose" na nufin raina abin da aka miƙa wa mutum, kamar baƙon da aka ajiye wa abinci ya yatsina fuska ya ture kwanon. Kusa da shi akwai "look down one's nose", wato yi wa wani kallon ƙasƙanci. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar waɗannan ba, tun da shi ma yana cewa wane yana hura hanci. Idan kuma an ce "put someone's nose out of joint", ana nufin an ɓata wa mutum rai ta hanyar ba wani matsayin da yake ganin nasa ne.

Shisshigi shi ne "poke one's nose into", inda Bature yake cusa hanci a wurin da Bahaushe yake tsoma baki, kuma a Birtaniya ana kiran mai wannan hali "nosy parker". Wasu suna danganta laƙabin da Matthew Parker, babban limamin cocin Canterbury daga 1559 zuwa 1575, sai dai bai bayyana a rubuce ba sai ƙarnuka uku bayan mutuwarsa.

Maganar da hotonta ya fi fitowa sarai ita ce "lead by the nose", wadda ta samo asali daga yadda ake huda hancin bijimi a zura masa zobe ko igiya, ta yadda ko yaro ƙarami zai ja shi inda yake so. Ana faɗinta ga wanda aka mallake har ba ya iya yanke shawarar kansa. Shakespeare ya sa ta a bakin Iago cikin wasan Othello, inda yake alfaharin cewa zai ja ubangidansa ta hanci kamar jaki. Ita ma "keep one's nose to the grindstone" daga sana'a ta fito, wato masu wasa wuƙa da suke sunkuyawa dab da dutsen wasa. A ƙarni na 16 tana nufin gallaza wa wani, amma a yau tana nufin duƙufa a kan aiki ba hutu.

Labaran da ake bayarwa kan asalin wasu maganganun sun fi daɗin ji a kan ƙarfin hujja. "Pay through the nose" na nufin biyan kuɗi fiye da kima, kuma an san ta tun ƙarni na 17. Ana yawan cewa ta fito ne daga wani haraji da mayaƙan Denmark suka ɗora wa mutanen Ireland a ƙarni na 9, suna tsaga hancin wanda ya ƙi biya, amma tazarar kusan shekara 800 da ke tsakani ta sa masana ba su gamsu da labarin ba. Haka ake jingina "cut off your nose to spite your face", wato cutar da kai don huce haushi a kan wani, ga Ebba, shugabar mata masu zaman ibada a Coldingham ta Scotland, wadda aka ce ta yanke hancinta don kada mahara su keta mata haddi. Abin da ya tabbata shi ne, irin wannan magana tana cikin rubutun Latin na wani malamin coci Bafaranshe mai suna Peter na Blois tun ƙarni na 12.

Sukuwar dawaki ta ba da "win by a nose", wato yin nasara da ƙyar, kuma 'yan jarida suna amfani da ita ga sakamakon zaɓe. "Keep your nose clean" gargaɗi ne na guje wa rigima, musamman da hukuma, shi kuwa "under one's nose" ana faɗinsa ga abin da ya faru a gaban idon mutum bai ankara ba.